Allurar Mai Tamanin

Malam Jibo, tun ɗazu nake jin kana nanata cewa haka ka saba yi shekara ashirin, kuma ba ka taɓa ganin ba daidai ba. Gyara zama in ba ka misalin wani direba, don ni wannan magana duk inda na ji ta raina ɓaci yake yi.

A wata tasha an yi direban da ake kira Mai Tamanin, saboda allurar agogon gudun motarsa ba ta taɓa wuce tamanin ba. Da wannan yake tinƙaho, kuma da gaskiyarsa, don mata 'yan kasuwa sukan bar mota uku su tashi suna jiran tasa ta cika. Cikinsu akwai wata dattijuwa mai ginin tukwane, Iya Tabawa, wadda duk ranar kasuwa ita ke zama gidan gaba, tukwanenta na ɗaure a saman mota cikin ciyawa. Da hannunta na dama take ci, da shi take riƙe gidanta. Ana nan sai damina ta cinye hanya, cikin motar ya riƙa gugar ƙasa, mutumin ya je ya cire tayoyinsa ya sa manya. Wannan ba laifi ba ne. Mai facin da ya ɗaura su kuma bai ɓoye masa komai ba. Ya ce allura ba hanya take gani ba, juyin taya take ƙirgawa, babbar taya kuwa a juyi ɗaya takan ci ƙasa fiye da ƙarama. Daga yau in allura ta ce tamanin, motar casa'in take nema. Ya ba shi shawara ya kai a saita agogon, in ba zai kai ba ya rage goma daga duk gudun da ya saba. Mai Tamanin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce tun kafin a yaye mai facin yake riƙe da sitiyari, ba mai liƙe-liƙen tayoyi ne zai koya masa karatun agogo ba.

Alamu kam sun zo masa har gida. Ya fara isa kasuwa kafin masu rumfa su gama shara, ya ce albarka ce. Burki ya daina tsayar masa da mota inda ya saba, ya ce santsin damina ne. Rannan Iya Tabawa ta kasa haƙuri, ta ce masa a hankali, "Ɗan nan, shekara goma sha ɗaya nake bin hanyar nan a motarka. Bishiyoyin nan ba haka suke wucewa ba." Sai ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da ɗan yatsa ya ce, "Iya, ga allura nan. Ƙarfe ba ya ƙarya, tsufa ne ya fara taɓa idonki." Fasinjoji suka yi dariya. Wallahi wannan dariyar ta fi komai ƙona min rai. Matar da ta haifi kamarsa ta faɗa masa gaskiya, ya mai da ita abin dariya don kada a ce an gyara masa.

Akwai wata kwana bayan gada da ya saba shiga da sittin. Ranar ma ya sauke allura kan sittin cif, yana jin kansa gwani, alhali motar tana dab da saba'in, ga ta ta ƙara tsayi, ga kaya a sama. Ta ƙi juyawa, ta yi gefe, ta kwanta a rami. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Tukwane dai sun zama tsingaro, hannun Iya na dama kuma ƙofa ta danne shi. An yi ɗori ya warke, amma yatsun suka ƙage, ko dunƙulen yumɓu ba sa iya riƙewa.

Ka san abin da mutumin nan ya yi? Allurar ta maƙale a kan sittin, sai ya riƙa jan mutane zuwa wurin motar yana nuna musu, wai ga shaidarsa. Har sai da mai facin ya zo da igiya. Ya zagaya tsohuwar tayar da aka bari a shagonsa ya yi ƙulli, sannan ya zagaya sabuwar da igiyar nan, ta kasa haɗuwa da taƙi guda. Ya ce wannan taƙin, a kowane juyi, shi ne abin da allura ba ta gani ba. Duk da haka da Mai Tamanin ya je duba Iya, bayan sannu abin da ya fara fitowa bakinsa shi ne allura tana kan sittin. Ta ɗaga hannun nan da ya ƙage ta ce, "To ka ce wa allurar ta zo ta gina min tukunya."

Agogon bai lalace ba, Malam Jibo, gaskiyar tsohuwar taya yake faɗa. Mai shi ne ya canza ƙafa ya ƙi canza ma'auni, kuma wadda ba ta ji ba, ba ta gani ba, ita ta biya da hannunta. Shi ya sa Hausawa suka ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.