Jirgin Tara da Kwata

Toyoko ta ɗora ma'aunin magina a kan ƙarfen layin ƙaramin jirgin ƙasa na wasa da ke lambu, ta ga kumfar ta karkata hagu. Ta cusa tsakuwa cikin hannu a ƙarƙashi, ta daddanna, ta sake aunawa. Yau ɗansu Atsushi zai zo daga birni da ma'aikaciyar gidan tsofaffi, ga shi kwanar gindin lemo har jiya tana kayar da jirgi.

Da kunnenta ta ji, tana kicin tana wanke shinkafa, ranar da Atsushi ya ce wa Shigeru, mijinta na shekara arba'in da shida, "Baba, in aka sake ko sau ɗaya, sai gidan tsofaffi. Ba zan zauna jiran kiran asibiti ba."

Tun bara abin ya soma. Duk lokacin da jirgin ƙasa na ƙarfe tara da kwata ya yi kuka daga kwari, gidan ba ya zama lafiya. Sau huɗu tana ganinsa a tasha yana haki, babu rigar sanyi, ƙafarsa sanye da silifas ɗin cikin ɗaki. Mutumin da bai taɓa tsallake dokin ƙofa da silifas ba, ga shi a titi gaban maƙwabta. Sai ta riƙe hannunsa su dawo, ba ta taɓa yi masa gori ba. A na huɗun ɗan sanda ne ya rako su, ya miƙa wa Shigeru 'yar takardar nan ruwan ɗorawa da ake manna wa takalmin masu ɓata. Ta duba takalmansa sau da yawa ba ta gan ta ba. Girman kai na maza, in ji ta a ranta, ta ƙyale shi.

A rumfar kayan lambu ta tsinci akwatin ƙaramin jirgin. Ba ta tuna ranar da aka saye shi ba, amma tana gani ta san addu'arta ce aka amsa. In jirgi ke fitar da mutum, sai a kawo masa jirgi gida.

Suka ja igiya a bayan gida, suka tona rami mai zurfin tafin hannu, suka cika da tsakuwa. Ita ke cewa a bar ɗan tsakani a mahaɗar ƙarafa saboda zafin rana, ita ke hana gangara ta yi yawa. Shigeru, da ya ƙare ƙuruciyarsa a sana'ar awara, nasa ɗauko da riƙe. In ta yi masa faɗa sai ya rusuna ya ce, "Tuba nake, shugabar tasha," tsokanar da yake mata tun tana sayar da tikiti a tashar jirgi. Tun da aka fara aikin, ƙofar gidan ba ta buɗu da safe ba.

Ƙarfe tara baƙin suka iso. Malama Hoshino, ma'aikaciyar, mace ce mai fara'a, rungume da fayil. Ta tambayi Toyoko abin da ta karya da shi, da sunayen jikokinta. Toyoko ta amsa a gaggauce, idonta na kan mijinta. Ta riga ta kunna turare a gaban hotunan iyaye tun da asuba, sauran kuma na Mai sama ne.

Suka fito lambu. Ta goge ƙarafan da tsumma, ta tsince ganyen lemo, ta jera kan jirgi da taragu uku. Ƙafar tarago ɗaya ta ƙi hawa layi sai a karo na uku.

Daga kwari jirgi ya yi kuka.

Ta ɗaga kai. Shigeru na bakin ƙofar gida, ya jingina bayansa da ita, hannunsa a kan sakata. Yaushe ya isa can? Wani abu ya fizgi ƙirjinta, ƙafafunta suka miƙe da kansu. Taku ɗaya, biyu, uku. Malama Hoshino ta buɗe fayil. Atsushi ya sunkuyar da kai.

"Shugabar tasha," in ji Shigeru, "fasinja na jira fa. Ko sai mun kai ƙara?"

Ta tsaya. Ta dube shi, ta dubi jirgin. Sannan ta juya, ta miƙe yatsa ta nuna layin yadda ma'aikatan jirgi ke yi, ta ce, "Hanya a buɗe." Ta murɗa makunni.

Jirgin ya motsa, ya wuce tulun furanni, ya nufi gindin lemo. A kwanar taragon baya ya yi tangaɗi, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya koma ya zauna. Ya zagayo sau ɗaya, sau biyu. Kafin na uku, ƙarar babban jirgin ta ɓace a bayan duwatsu.

Shigeru ya saki sakata. "Kwana goma sha uku ke nan ba wanda ya fita," ya ce wa ɗansa. Malama Hoshino ta rufe fayil, ta ce a bar maganar zuwa kaka, a gani.

Toyoko ta yi godiya a ranta har ƙwalla ta zo mata: ta cece shi. Ta ce su shiga ciki su sha shayi, ita kuma ta durƙusa a zaure tana juya takalman baƙi su fuskanci ƙofa, yadda aka saba. Ta juya na Atsushi, ta juya na Malama Hoshino, ta gyara na Shigeru. Da ta ɗaga nata masu ruwan ƙasa, sai ga 'yar takarda ruwan ɗorawa a dunduniya, da rubutun mijinta: "Kuramochi Toyoko. In ka gan ta a hanyar tasha, don Allah riƙe ta, mijinta na tafe a guje."