Takalmin da Bai Huce Ba

Ina ajin ƙarshe a lakwal, makarantar boko ta Guci, mushe, wato malaminmu, ya karanta mana wani gajeren labarin yaƙi cikin harshen Faransanci. Wani soja ne ya tuɓe takalmin abokin gaba da ya mutu, ya zura ƙafa, ya ji shi da ɗumi. Mushe ya ce gwanintar marubucin ke nan: ba ya ƙara gishiri.

Ranar tun hantsi ake ruwa. Da la'asar na tarar da kakana a ɗakinsa yana tufka igiya. Tsohon soja ne, Nasara sun kai shi yaƙi yana saurayi, amma ban taɓa jin ya yi zancen ba. Na ba shi labarin da Hausa don in burge shi.

Ya ajiye igiyar.

"Wannan mutumin ya je yaƙi," in ji shi. "Ya faɗi ranar da takalmin ya huce?"

"Bai faɗa ba, Kaka."

Ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado, ya fito da takalmin soja, fatar duk ta tsattsage.

"Sa hannunka."

Ɗakin da sanyi, daɓen ma ya yi danshi. Na zura hannu. Cikin da ɗumi, kamar yanzu mai shi ya cire.

"Shekara arba'in ina jira," ya ce, ya koma kan igiyarsa.

Yau ni ma mushe ne. Duk shekara in muka iso wannan shafin, ɗalibi nake sa ya karanta, ni kuwa hannuna na dama yana cikin aljihu.