Wadda Ta Kai Mama Ganin Teku

Dokas na cikin share ɗakin Mama wani hoton ya sake shigowa wayarta. Ga tsohuwar a bakin teku a garin Nice, da faffaɗar hula, tana ƙyalƙyala dariya.

Shekara shida Dokas tana jinyarta a Kagarawal, tun da mantuwa ta fara kama ta. Ita ce wanka, ita ce magani, ita ce zaryar asibiti, amma ko sau ɗaya ba ta samu irin wannan dariyar ba. Sai ga ƙanwarta Debby, nas a Ingila, ta zo ta ɗauke Mama zuwa Turai, ta yi hayar mota suna bin garuruwa daga Barcelona har Genoa. Sati biyu kacal, yanzu a coci kowa sai "Debby 'yar albarka".

Da kiran Debby ya shigo, Dokas ta ɗauka da zafinta.

"Manyan Turai! Yau an tuna da 'yar aiki?"

Shessheƙar kuka ta ji.

"Yaya, tun daga filin jirgi da sunanki Mama take kirana. Duk wanda muka haɗu da shi sai ta kama hannuna ta ce, ga Dokas ɗina, ita ta kawo ni ganin teku."

Dokas ta saki tsintsiyar.

"Ba ki gaya mata ba?"

"Na gaya mata. Cewa ta yi Debby ta manta da ita, ko waya ba ta yi. Ga ta nan kusa da ni. Don Allah, Yaya, ki zama Debby na minti ɗaya, ki ce mata kina kewarta."