Jaririn da Ya Haɗiye Rediyo

"Buɗe gwangwanayen nan," in ji Kalilu, jami'in kwastan a iyakar Jibiya.

Usman ya buɗe ba musu. Fayafayan silima ne da ya sayo a Maraɗi. Tun da arzikin fetur ya shigo kowa babur yake saye, shi kuwa tsofaffin fina-finai yake tarawa.

Kalilu ya ce sai ya ga abin da ke ciki. Suka rufe tagogin sito, Usman ya haska majiginsa a bango.

A cikin fim ɗin, wani jariri ya haɗiye rediyo, ya koma kuka da muryar mai karanta labarai. Ya yi ta girma har kansa ya fasa rufin ɗaki. Iyayen suka jefa shi rijiya, ya shanye ruwan ya fito. Suka gudu wani gari, suka tarar da shi a bakin ƙofa yana jiran nono.

Kalilu ya yi dariya har da hawaye. Usman ko murmushi bai yi ba.

"Malam, duk irin wannan ne?"

"Duka."

"Kai! Wanda ya kalli wannan ai sai ya ji tsoron haihuwa. Hala ba ka da iyali?"

Usman ya ci gaba da naɗe faifan.

"Ina da mata, Tsahara. Haihuwarta huɗu, ba wanda ya kai ranar suna. Ita ke aiko ni. Ba ta dariya, ba ta kuka, kallo kawai take yi. Ta ce a nan kaɗai take ganin jaririn da ba ya mutuwa."