Gyaran da Manya Suka Ƙi Dubawa

Injiniya ya sake leƙa akwatin imel ɗinsa, ya ja tsaki. Shiru.

Gyara ya yi wa wata babbar manhaja. Masu kula da ita ba sa karɓar gyara sai ta imel, kuma sai kan saƙon ya bi ƙa'idarsu. Shi kuwa nan ya fi kauri. Da hannunsa ya saita manhajar aikawa, ya gwada ta har ta zauna daram. Kalmar PATCH, wato gyara, a farkon kan saƙon, sai sunan sashe, sai gajeren bayani, babu ɗigo a ƙarshe. Har yaran ofis yake tarawa yana koya musu.

Ga shi oga ya ce in wata ya ƙare ba a karɓa ba, wani zai ba aikin.

"Raini ne kawai," in ji Injiniya. "Sun ga baƙon suna."

Ya sake aikawa, ya ƙara da layi mai zafi: ko ba komai a mutunta wahalar mutum, a ba shi amsa.

Nan take amsa ta shigo. Ya kira yaran su zo su ga yadda ake magana da manya, ya buɗe a gabansu.

"Baban yara, wallahi na duba. Ban gane komai ba, amma ya yi kyau. Tun ranar da ka ce bari ka gwada da adireshina saƙonnin nan naka suke ta shigo min. In ka tashi ka taho da burodi."