Ma'azu da Sojojin Tsibiri

"Wanga ba rubutun ilimi ba ne, wasiƙar soyayya ce!" in ji Ma'azu, yana karkata waya don Lailatu ta gani. Ita ke shugabantar masu gyaran kundin ilimi na intanet a Tawa, ita ta ba shi bitar shafin sojojin wani ɗan tsibiri. Wata uku ke nan yana neman burge ta.

Ya ci gaba, "Ji fa: 'Dakaru ɗari shida, masu zuciyar zaki.' Ina madogara? Wa ya auna zuciyar? Marubucin ga a ƙwace mishi waya!"

"Danna tarihin shafin, malam," in ji Lailatu.

Ya danna. Marubuci: Yariman Masoya, laƙabin Ma'azu kansa na zamanin sakandare, wanda ya daɗe da binnewa.

Lailatu ta miƙo hannu. "To, Yarima, kawo wayar."