Gajiyar Auta

Auta ta sake ɗauke ƙunshin magani daga kan kantar shago, ta shige bayan labule.

Tsohon, mahaifinta, ya bi ta da kallo, ya ja tsaki. Leda kawai za ta saka, amma sai ta shanya mutum a tsaye kamar ya zo neman aiki. Ya sha gaya mata ta dawo da ledojin nan gaba. Kullum sai ta ce to, kullum kuma suna can ciki.

Shagon maganin nasa ne tun kafin a haife ta. Da ta gama karatun haɗa magunguna ta zo ta tsaya kusa da shi, sai wurin ya yi kamar an buɗe taga. Tana tsokanar tsofaffi, tana ba yara alewa, ita ce har da waƙa in tana jera kwalabe.

Yanzu idanunta sun zurma. Shayi yakan huce a gabanta ba ta taɓa ba. Ran Talata, ko dai Laraba ce, ta daka wa wata dattijuwa tsawa, sannan ta shiga ciki ta yi ta kuka. 'Yarsa na ƙarewa a tsaye, shi kuwa da aikinsa ke nan ya rasa gane ciwon.

Ba ya cikin masu ba da maganin zazzaɓi ba su tambayi abin da ya kawo shi ba. Don haka ya shiga bincike.

Ya fara da mijinta, wani malamin makaranta mai sanyin hali.

"Wallahi Baba, tambayar da nake yi ke nan," in ji surukin. "Har girki na karɓa, yara suka roƙe ni in mayar wa uwarsu. In ta dawo sai ta zuba wa bango ido. Waya na yin ƙara ta zabura, wai ko wani mai saye ne ya kira."

Ya tura ta asibiti. Jini lafiya lau, ba ciki, ba komai. Likita ya ce gajiya ce, irin wadda barci ba ya kashewa, a rage mata aiki.

To, wannan ai mai sauƙi ne. Ya ɗauko mai shara. Ya hana ta ɗaga kwali. Daga bisani ya karɓe babban aikin gaba ɗaya: shi zai karanta takardar likita, shi zai zaɓo magani, shi zai ƙunsa ya rubuta yadda za a sha.

"Ke dai ki zauna, Uwata. Leda kawai."

Ya ga fuskarta ta sauya, ya ɗauka kunya ce.

Ya dage kamar yana saurayi. Abin da ke ɓata masa rai bai wuce mai sharar nan da ke sauya wa kwalabe wuri ba, da tabarau ɗinsa da ba ya zama inda aka ajiye shi. Ga masu saye su ma sun koyi sabon salo. Ya tambayi wani kafinta yaya ƙafar mahaifinsa, mutumin ya yi jim, ya dubi Auta, sannan ya ce da sauƙi. Mutanen yanzu, ko gaisuwa sai sun yi shawara.

Auta kuwa, maimakon ta farfaɗo, sai ta ƙara lalacewa. Kujerar da ya sayo mata ko ɗumi ba ta taɓa yi ba. Muddin yana bakin kanta, tana tsaye a kafaɗarsa, ba ta fita cin abinci, ba ta amsa waya. Duk abin da ya sauke mata, sai ka ce ninki ya ɗora.

Ran da haƙurinsa ya ƙare, shago ba kowa.

"Daga gobe kada in gan ki a nan. Na ba ki hutu, sai kin yi ƙiba."

"Baba, ba zai yiwu ba."

"Ba zai yiwu ba? Ni kaɗai na riƙe shagon nan kina goye a bayan uwarki!"

"Na sani, Baba."

"To mene ne ke cin ki? Miji ba shi ba, ciwo ba shi ba, aiki na ɗauke. Ki faɗa mini, Uwata, in san abin da nake yaƙi da shi."

Ta buɗe baki kamar za ta yi magana. Sai ga wata mata ta shigo da yaro a kafaɗa, jikinsa zafi rau, ta miƙa takarda.

Tsohon ya karanta, ya juya, ya sauko da kwalba, ya zuba ƙwayoyi a 'yar ambulan, ya yi rubutunsa mai kyau a kai. Bai gama cewa "Allah ya ba shi lafiya" ba, ƙunshin ya bar kanta. Labule ya motsa.

Ran tsoho ya ɓaci. Yaro na fama, ita tana can tana jan jiki! Yau dai zai kwaso ledojin nan da hannunsa, kowa ya huta. Ya zagaya kanta, ya yaye labulen.

Ledojin na rataye a ƙusa, ko kallonsu ba ta yi ba. Takardar likita na hannunta, tana zuba maganin zazzaɓin yara a sabuwar ambulan. Wadda ya ƙunsa wa yaron kuwa, mai ɗauke da ƙwayoyin hawan jini na manya, ta riga ta jefa ta cikin wani kwali a ƙarƙashin tebur, kwalin da ya kusa cika da ambulan masu rubutun hannunsa.